Siminti a Kan Rumbun Baba

Mahaifinmu, Malam Ɗanmaliki, maginin rumbu ne. Daga Kaikai har Rimaye, in ka ga rumbu da dagi a ƙirji da layi uku masu lanƙwasa kewaye da wuya, to aikinsa ne. Na ƙarshe da ya gina shi ne na tsakar gidanmu, kuma a ƙarƙashin dagin ya danna tafin hannunsa tun laka tana ɗanya. A cikinsa mahaifiyarmu, Inna Sa'a, ke ajiye abincin shekara.

Rumbun ƙasa yana da hakki a kan mai shi. Kowace kaka, kafin a zuba hatsi, sai a kwaɓa jar ƙasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, a yi masa sabon yaɓe, sannan a bi tsohon zanen da yatsa kafin ya bushe, don kada ya shafe. Shekara goma sha tara ina yin haka tun rasuwar Baba. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin daɗinsa ba. Ƙugu na ciwo, makuba na rina hannu har mako biyu.

Bara ƙanena Dauda, wanda ke aikin gini a Kano, ya zo gida ya tarar da ni cikin kwaɓi har gwiwa.

"Yaya Labaran, har yanzu wasan laka kake kamar ɗan yaye?"

"Shigo ka karɓe ni, tunda kai ka girma."

"Buhu uku na siminti ya ishe shi. In shafe shi, in fitar maka da zanen tsaf, ka huta har jikoki."

Inna tana bakin ɗaki tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ubanku ya ce rumbu numfashi yake."

"Inna, ai ba akuya ba ne," in ji Dauda. Ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Na san maganar Inna gaskiya ce. Na ji ta daga bakin Baba fiye da sau goma. Amma wanda ya gaji ba ya rasa hujja, kuma mutanen yanzu abin da za a yi sau ɗaya a huta suke so, ko da zumunci ne. Na wanke ƙafata na ce ya yi.

Ya yi kyau, ba na musu. Dauda ya bi dagin da bakin cokalin gini, ya shafa masa shuɗin fenti. Har 'yan acaɓa masu zuwa Kusada sukan leƙo ta kan danga. Muka zuba dami arba'in na gero da dawa, muka ɗora jinka.

Da damina ta yi tsakiya, Inna ta miƙo mini zangarniya ɗaya.

"Shinshina."

Wari ne irin na tsumman da ya kwana a randa. Na je na ƙwanƙwasa jikin rumbun, ya amsa kamar ganga. Ruwa ya sami ƙaramar tsaga a wuya ya shige tsakanin siminti da ƙasa. Da yaɓen makuba ne, da ranar kwana biyu ta busar da shi. Siminti kuwa ya riƙe shi.

Na hau tsani na ɗaga jinka. Damman sama sun tsira, guda goma sha ɗaya. Na ƙasa sun yi baƙi sun manne, wasu har sun tsiro. Muna cikin kwashewa simintin gefen gabas, inda dagin yake, ya ɓalle ya faɗo, ƙasar da ke bayansa ta zubo kamar kunu.

Na juya ɓallen. A cikinsa ga tafin hannun Baba ya fito a simintin, har da ɗan yatsan da ya karye yana yaro. A jikin rumbun kuwa babu komai.

Na kira Dauda a waya. Da na faɗa masa, sai ya ce jinkar ce ba ta zauna daidai ba. Ban yi masa faɗa ba. Ni na ce ya yi.

Bana na gina sabo kusa da kufan tsohon. Wata guda na yi, kuma ya karkace kaɗan. Da na zo zane, na tsaya da yatsa a kan laka. Shekara goma sha tara ina bin layin wani, ban san inda ake farawa ba.

Inna ta zo ta tsaya bayana, ta daɗe tana kallo.

"Mi kake jira? Yana bushewa."

"Dagin ya ƙi, Inna."

"To bar shi. Danna hannunka ka sauko, hatsi na ƙasa kaji na ci."

Na danna. Ta ɗauki ɓallen simintin, ta jingine shi a gindin rumbun, ta koma tsince wakenta.