Man da Gaisuwa Ta Shanye

Saura shekara uku a sami mulkin kai Alhaji Rufa'i na Yako ya sayi mota. 'Yar ƙarama ce, baƙa, mai doro irin na kunkuru, injinta a baya, tankinta a gaba. Har yau ina mamakin mutumin da ya zauna ya tsara ta haka. A lokacin ni ne malamin sikelin Alhaji, ina auna masa gyaɗa, saboda na yi aji biyu a elementare ta Bebeji kafin a cire ni a mai da ni gona. In kaka ta wuce ba ni da wani aiki sai bin motar, ina zaune a baya tsakanin buhuna ina kallon itatuwa suna gudu.

Direbanta Idi ne, ɗan Gwaggo Barakatu mai daddawa. A soja ya koyo tuƙi. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, marar yawan magana, wanda in ya ga kaza a hanya sai ya tsaya ta tsallaka.

Motar ba ta da allurar da ke nuna yawan mai. Wata siririyar sanda Idi ya fiƙe, ya yi mata zane da wuƙa, kowane zane galan ɗaya. Da ita Alhaji ya gano abin da ya hana shi sakat. Daga Yako zuwa Kano, tafiyar mil arba'in da ɗoriya, motar ba ta shan fiye da galan ɗaya da rabi. Amma da mun shiga birni, muka yi kwana biyu muna zagayen da bai kai mil goma ba, sai a zura sanda a ga man ya yi ƙasa kamar an huda tankin. An duba, babu huda. Alhaji ya sa aka yi wa motar tofi, aka rataya mata laya, duk a banza.

Idi ya sha gaya masa dalili. Ya ce a birni giyar mota ta ɗaya da ta biyu yake ta fama da su a bayan jakuna da masu amalanke, kuma ƙaramar giya ita ce mai ci. Ya ce buhunan dawa da raken da muke lodawa na tsaraba sun fi ƙarfin motar. Ya ce iskar da Alhaji yake sa a rage wa tayoyi don kada su fashe da zafi ita ma tana jawo shan mai. Ya kuma ce, cikin ladabi, babbar matsalar ita ce gaisuwa. Nan ne Alhaji yake toshe kunne.

Ga yadda abin yake. Alhaji Rufa'i a birni ya yi karatu, a birni ya yi aure, a birni ya koyi ciniki. Babu unguwar da ba shi da malami, ko suruki, ko tsohon mai masauki. Kuma ba ya iya wuce dattijo yana cikin mota. Sai ya sa a tsaya, ya fita, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a tambayi gida da gona da ruwa da mai jiki da wanda ya rasu bara. Duk wannan lokaci injin yana kunne, domin Alhaji ya kafa doka: ba a kashe mota a ƙofar gidan mutum. A wajensa, wanda ya kashe mota kamar wanda ya kwance wa dabbarsa sirdi ne, ya sauka ke nan, dole mai gida ya shimfiɗa tabarma, ya aika a dama fura, a kama kaza. In kuwa injin yana kuka, mai gida ya san wucewa ake yi, babu nauyin kowa a kan kowa. Mutanen birnin ma sun koyi wannan a wurinsa, da kunne suke gane ko mun zo zama ko mun zo wucewa.

To wata ranar Laraba, a ƙofar gidansa, gaban masu kawo gyaɗa daga Badafi da Ba'awa, Alhaji ya zura sandar nan, ya zaro, ya dube ta, ya ce shi yanzu ya gane, motarsa ba ta da aljani, direba take da shi. Bai ambaci kalmar sata ba, amma kowa ya ji ta. Ya karɓi makullin.

Kafin sati ya zagayo an laƙa wa Idi suna Mazurari. Wani ya rantse ya gan shi a Fagge da gwangwanin fetur. Gwaggo Barakatu ta daina fita kasuwa, don mata suna ɗaukar daddawarta su shinshina, su tambaye ta ko da fetur aka tafasa kalwar. Idi kuwa ya koma sallah a sahun ƙarshe, ana sallamewa ya fice.

Abin ya ci min rai, domin na san inda man yake zuwa. Tun ina yaro nake da halin zura wa abu ido, har mahaifina yana cewa tururuwa ta fi shi samun hankalina. Na daɗe ina tsugunawa a bayan motar nan lokacin da Alhaji yake gaisuwa, ina kallon bakin bututun hayaƙi yana huci, iska tana rawa a gabansa kamar ruwa. Abin da yake huci kuwa ci yake yi, ko yana tafiya ko yana tsaye.

Na sami Alhaji da maganar. Ya ce in koma kan sikelina. Na sake komawa. Ya ce mota a tsaye me za ta sha, ai jaki ma in an ɗaure shi hutawa yake. Na ce jakin da aka ɗaure ba ya daina cin harawa. Ya ce ni da Idi bakinmu ɗaya. A karo na uku sai na kawo masa kwaɗo sabo daga kasuwar Kiru, na ce ya zuba man da hannunsa, ya kulle murfin gaba, ya riƙe mabuɗin a aljihunsa, Idi ya tuƙa mu sau ɗaya tak. In man ya isa yadda lissafinsa ya nuna, ni ma ya kore ni.

"Ka san abin da ka faɗa, Buba?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To ka fara neman wanda za ka auna wa gyaɗa baɗi."

Idi ya so ya ƙi. Uwarsa ce ta ce ya je.

Alhaji ya zuba galan uku cif. Ya ce ɗaya da rabi na hanya, sauran ya ishi zagayen birni sau uku, har a yi ragi. Ya kulle kwaɗon, ya ɗaura mabuɗin a igiyar wandonsa. Muka loda buhun dawa biyu, da dami uku na rake, da tulun zuma daga Doguwa. Ni kuma na cika aljihun dama da gyaɗa. Duk inda aka tsaya gaisuwa sai in ɗauki ƙwaya ɗaya in mayar aljihun hagu.

Mun shiga ta Ƙofar Nassarawa da hantsi. Ba mu yi taku ɗari ba Alhaji ya hango wani tsohon maɗinki da ya taɓa yi masa riga. Aka tsaya. Daga nan sai limamin wata unguwa, sai ƙanin surukinsa, sai wani makaho mai saƙar igiya wanda ya gane mu da ƙarar motar tun daga nesa. A wani lungu kusa da Kurmi muka bi ayarin jakunan itace kusan rabin sa'a, Alhaji ya hana a yi ham, wai mai jakunan ya girme shi. Idi ya bi su a hankali, zufa tana bin wuyansa. Ni ina baya ina jin injin yana ta gurnani a ƙashin bayana, ina ta ƙaura da gyaɗa. Ranar farko ƙwaya ashirin da shida. Akwai gaisuwar da na ga inuwar soro ta tashi daga kan motar ta koma kan katanga kafin a gama ta.

Washegari haka. Bayan azahar motar ta yi tari, Idi ya sa ƙafa ya murɗa ɗan ƙarfen da ke buɗe ragowar man ƙasan tanki, ya ce wa Alhaji abin da ya saura kaɗan ne, gara mu nufi gidan mai. Alhaji ya shafa igiyar wandonsa ya ce wannan tsohuwar dabara ce, a wuce gidan Malam Lurwanu.

Malam Lurwanu shi ne malamin da Alhaji ya sauke Alƙur'ani a wurinsa. Ya haura tamanin, kunnensa ɗaya ne ke aiki, kuma in ya tambaye ka mutanen gida, ɗaya bayan ɗaya yake bi da suna. Shekara guda yana ƙorafin cewa tun da Rufa'i ya sami mota bai ƙara cin tuwon gidansa ba. Muka same shi a zaure bisa buzu. Alhaji ya durƙusa. Na mayar da ƙwaya ta arba'in da ɗaya.

An gama da matan Alhaji, an gama da 'ya'ya, an shiga jikoki, sai motar ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta yi shiru. Lungun duka ya yi tsit, har na ji kukan kurciya a kan soro.

Malam Lurwanu ya karkato kunnensa mai ji. Fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi. Yau dai Rufa'i ya sauka. A shiga a gaya musu a kama zakaran nan, a ɗora tuwo."

Alhaji ya waiwayo ya harari Idi. Idi ya ɗaga hannuwansa biyu daga kan sitiyari, makulli yana nan a murɗe inda yake. Alhaji ya miƙe, ya kwance igiyar wando a gaban malaminsa, yana riƙe da wandon da hannu ɗaya, ya buɗe kwaɗon, ya zura sandar. Ta fito a bushe kamar yadda ta shiga. Ya sake zurawa, ya karkata ta, ya shinshina. Ni kuma na juye gyaɗar aljihun hagu a kan murfin motar, na gaya masa ko mece ce. Ya daɗe yana kallonta.

Sai da muka ci zakaran nan. Muna ci Malam ya tambayi abin da ya haɗa mu da sanda da gyaɗa, na kwashe duka na gaya masa da ƙarfi a kunnen da ke ji, Alhaji yana ta zungurina da gwiwa. Tsohon bai ce komai a kan giya ko taya ba. Tambaya ɗaya ya yi, a gaban mutum nawa aka faɗi maganar. Alhaji ya ce ba su fi ashirin ba. Malam ya ce to a gaban ashirin ɗin za a janye ta, kuma a fara da uwar.

Idi ne ya tafi Fagge a ƙasa ya ɗauko galan biyu a ka.

Ranar kasuwa Alhaji ya je ƙofar gidan Gwaggo Barakatu, a ƙafa. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga ya fito da ƙullin daddawa. Daga nan ya tsaya a gindin sikelina, inda masu gyaɗa suka taru, ya yi gyaran murya har sau uku.

"Jama'a, Idi bai taɓa min mai ba. Na zarge shi, ban kyauta ba. Motar ce ba ta da tarbiyya, ba ta iya jiran manya."

Ya miƙa masa makullin. Idi ya karɓa da hannu biyu. Juma'ar da ta biyo na gan shi a sahu na biyu.

Na ɗauka daga ranar za a riƙa kashe injin. Na ma kawo shawara a riƙa ajiye motar a bakin ƙofar gari, a yi gaisuwar a ƙasa. Alhaji ya dube ni kamar na ce ya shiga birni ba hula. Abin da ya yi shi ne ya sayi garwa biyu, ya sa a riƙa cika su da fetur ana ɗorawa a kan buhunan dawa, kusa da ni. Idi ya ce nauyinsu zai ƙara mata ci. Alhaji ya ce ya ji, a tsaya, ga Malam Habu can a bakin rijiya.