Gidan Mai Agogo

Shekara goma sha tara Baba Othniel yana jan fijon nan tasa, tun yana direba a cibiyar binciken noma ta Samaru har ya yi ritaya ya saye ta a gwanjo, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ba shi kunya a hanya ba. Duk Samaru an san da haka, domin shi da bakinsa yake faɗa wa kowa, a coci, a teburin mai shayi, har a zaman makoki. Saboda haka da wata baƙuwarsa ta fito daga masauki ranar Alhamis da safe, ta zagaya motar tana yamutsa fuska, ta ce da Turanci, "Direba, anya wannan za ta kai mu?" sai da ya haɗiye magana uku kafin ya ce mata ina kwana.

Sana'arsa yawo da baƙi. A da Turawa masu bincike ne ke zuwa da gajeren wando, su aiko da wasiƙa tun wata guda kafin su iso, su yi mako biyu, ya kai su dutsen Kufena da marina da ganuwa, su koma sun iya gaisuwa har da tambayar gajiya. Amma tun da wayar salula da intanet suka shigo gari, saƙo sai dai a shagon Kingsley da ke bakin titi, a buga masa a takarda. Baƙin ma sun canja. Yanzu tsofaffi ne masu furfura, waɗanda aka haifa a nan ko suka yi aiki a nan, suna so su leƙo kafin ƙafa ta ƙi. Da tsofaffin kaɗai ne da sauƙi. 'Ya'yan da ke rako su, masu takardu a hannu, su ne ciwon kansa.

Wannan sunanta Bisi, haihuwar Landan, ta kai shekara arba'in. Mahaifiyarta, Mama Ronke, a Sabon Gari aka haife ta, ta tafi koyon aikin jinya a 1962, ga shi ana 2007 ba ta sake taka Zariya ba. Uban Mama Ronke, Baba Dele mai gyaran agogo, ya daɗe da sayar da gidan ya koma kudu, can ya rasu. Abu ɗaya tsohuwar take so, ta tsaya a ƙofar gidan da aka haife ta. Likitanta ya riga ya gaya mata zuciyarta ba za ta sake ɗaukar doguwar tafiya irin wannan ba. Jirginsu kuma yau zai tashi daga Kano, ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

"Ƙarfe uku daidai za mu bar Zariya," in ji Bisi, tana nuna masa takarda.

"'Yata, Kano ba Makka ba ce. Ko ƙarfe biyar muka tashi..."

"Ƙarfe uku."

Sai ta shimfiɗa wata takardar a kan bonet ɗin motarsa, ba ko neman izini. Hoton Sabon Gari ne da aka ɗauko daga sama, ta bugo shi daga intanet tun a Landan, ta zagaye wani wuri da jan biro. Baba Othniel ya sa tabarau ya duba. Rufin kwano ne birjik, duk tsatsa iri ɗaya, kamar an zubar da kwalin ashana. Ya tambayi Mama me take tunawa. Ta ce da Hausarta da ta yi tsami, akwai rijiya a tsakar gida, akwai mangwaro a ƙofa, kuma ana jin kukan jirgin ƙasa har cikin ɗaki.

"To Mama, ba takarda za mu tambaya ba," ya ce. "Tsoho za mu nema. Mu sami wanda ya tsufa a unguwar, mu zauna mu gaisa."

Bisi ta ce ba su da lokacin zama. Ta yi wata uku tana wannan binciken.

Sun shiga Sabon Gari wajen ƙarfe tara. 'Yan acaɓa sun cika ko'ina, masu turin baro suna ihu, ga janareto na kuka a kowane shago. Mama Ronke ta manna fuska a gilashi tana kallo, ba ta gane komai ba. Filin da suke wasan 'yar gala-gala ya zama shaguna, shagunan sun haifi shaguna, har a kan kwata an kafa tebur ana sayar da katin waya. Da mota ta kasa wucewa, ya ajiye ta a bakin wani lungu, gaban wata tsohuwa da ke zaune a ƙarƙashin rumfar kwano tana sayar da daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli.

Ran Baba Othniel ya yi fari da ganinta. Ga furfura, ga haƙora sun zube, ga zama irin na wadda ta ga an gina kowane bango a layin. Ya cire hula zai nufe ta ke nan, sai ya ji ƙyas. Bisi ta riga ta ɗaga kyamara ta ɗauki tsohuwar, ba sallama ba sannu, sai ka ce ta ga tsuntsu a kan reshe. Tsohuwar ta ja gyale ta rufe fuska, ta yi wani tsaki mai tsawo, ta juya musu ƙeya.

"'Yata, ba a yin haka," ya ce. "Zo mu ba ta haƙuri."

"In kuɗi take so a ba ta. Mami, taho, ta nan ne."

Mama Ronke, da baƙin tabarau a ido da sanda a hannu, ta bi 'yarta ta wuce ta gaban rumfar ba ta ko waiwaya ba. Baba Othniel ya mayar da hularsa. Ya ji kunya har cikin ƙashinsa, kamar shi ya yi laifin.

Inda jan biron ya nuna, kemis suka tarar. Mai kemis ɗin ya ce shi shekararsa huɗu a Zariya. Mai lemar kiran waya da ke gefe ta ce bara ta zo daga Kafanchan. Mai walda ya ce a tambayi mai gidan, mai gidan yana Kaduna, aka kira shi a waya, ya ce shi ma saye ya yi a hannun wanda ya saya. Duk wanda suka tare baƙo ne, kuma kowa sai ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya nuna musu wata hanya dabam don kada a ce bai taimaka ba. Sau biyu yawon ya sake biyo da su ta gaban mai daddawa. Sau biyun tana ganinsu take kau da kai.

Ƙarfe goma sha biyu Bisi ta duba takarda ta ce lokacin zuwa marina ya yi.

"Marina?" Baba Othniel ya tsaya cak. "Ba mu ga gidan ba fa."

"Yana cikin tsari. In mun dawo sai mu ci gaba."

Haka ya ja mota har cikin birni yana cika yana batsewa. Ya yi yawo da wani Bature da ke tsoron ƙadangare, ya yi da wata da ta sa shi tsayawa sau tara don ta ɗauki hoton jaki, amma bai taɓa ganin wanda ya tsallako teku neman gidan ubansa ya ɓuge da kallon baban rini a rami ba. Bisi ta ɗauki hoto ya fi hamsin, tana ɗauka tana leƙa bayan kyamarar, ba ta ko kalli marinar da idonta ba. Mama Ronke ba ta fito daga mota ba. Da ya leƙa ya ce mata sannu, sai ya ga ta cire tabarau tana share ido da bakin mayafi.

"Malam Othniel," ta ce a hankali, "ko dai na yi mafarkin gidan ne?"

Wannan maganar ce ta ƙarasa shi. Da suka koma Sabon Gari biyu ta wuce, bai tambayi kowa ba, ya ajiye mota a inda ya ajiye ta da safe. Bisi ta fara magana, ya ɗaga mata hannu.

"Tun safe nake bin takardarki. Yanzu ki ba ni minti goma, ki kuma sa wannan abin a jaka."

Ya je gaban rumfar ya cire hula, ya durƙusa duk da gwiwarsa da ke ƙara. Ya yi sallama. Ta ci gaba da jera ƙuli-ƙulinta. Ya ce ina wuni, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali da jikoki, ya tambayi ƙafa da baya. Tsohuwar tana amsawa da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya, tana korar ƙuda daga kan daddawa. Ya ce yarinyar nan ta yi kuskure da safe, ba tarbiyyar nan ta samu ba, a yi haƙuri. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da cocin da yake zuwa. Sai a nan ta dube shi sosai, ta ce ita Keziya ce, ta kuma tura masa benci da ƙafa. Yana jin idon Bisi a bayansa kamar garwashi, amma sai da ya zauna ya gyara riga tukuna.

"Iya, wani gida muke nema. Na wani Bayarabe mai gyaran agogo, tun zamanin..."

"Gidan Baba Dele," in ji ta. "Ga shi nan ka jingina motarka da shi tun safe."

Ya waiwaya. Dogon gini ne na bulo, shago shida a jere, na ɗinki da na kaset da na gyaran waya. Ba mangwaro, ba alamar ƙofar gida.

"Shekara uku ke nan da aka rushe shi. Mangwaron ni na sayi itacensa. Rijiyar tana nan a bayan shagon telan can, sun rufe ta da kankare." Ta ɗaga haɓa ta nuna mota. "Waccan kuma da ke zaune kamar matar gwamna, Ronke ce. Tun da ta sauko da safe na gane ta. Tafiyar uwarta ce sak, ƙafar hagu na jifa waje."

Baba Othniel ya dafe kai. Awa biyar! Awa biyar suna gasuwa a rana, ga amsa zaune a kan kujera tana kallonsu.

Ya je ya buɗe wa Mama ƙofa, ya kamo hannunta. Tana isowa rumfar ta tsaya, ta cire tabarau, ta daɗe tana duban fuskar da ke gabanta. Sandar ta faɗi.

"Yaya Keziya?"

"A'a, ashe kin san ni."

"Yaya Keziya, ke ce kike goya ni zuwa makaranta in an yi ruwa! Kin gan ni tun safe, don me ba ki kira ni ba?"

"Ni zan kira ki? Ke kika yi tafiya, ke kika dawo. Sau uku kina wuce ni da gilashi a ido, 'yarki na ɗaukata hoto kamar biri. Na ce bari in ga ko a can Turai an hana gaisuwa ne."

Mama Ronke ta yi ƙasa za ta durƙusa, da gwiwoyin nan nata da ba sa lanƙwasuwa. Keziya ta yi wuf ta riƙo ta tana faɗa, "Ke tashi, kar ki karye mini a nan," sai ga su sun rungume juna, faifan kuka ya kife, su biyun suna kuka suna dariya. Hausar da ta maƙale wa Mama tun safe ta ɓalle kamar an buɗe famfo. Ina Bibiana? Ta rasu. Ina 'yan biyun gidan mai burodi? Ɗaya na Jos, ɗaya ya rasu. Keziya ta ce duk layin nan, cikin waɗanda suka san Baba Dele, ita kaɗai ta rage.

Bisi na tsaye a gefe, jaka a rataye, ta rasa inda za ta sa hannunta. Ta dubi agogo. Uku saura minti biyar.

"Mami," ta ce, muryarta ta yi laushi amma ba ta fasa ba, "lokaci ya yi."

Mama Ronke ta ɗago. Ba ta yi musu ba, ta saba. Ta fara laluben sandarta a ƙasa, ɗaya hannun kuma yana riƙe da zanen Keziya bai saki ba. Shekara arba'in da biyar, a ce minti goma za ta samu, ko rijiyar ba ta gani ba.

Baba Othniel ya dubi hannun nan. Ya dubi fijonsa, wadda ya wanke da asuba, wadda ko tari ba ta yi ba yau. Sai ya taka ya je ya ɗaga bonet, ya leƙa ciki, ya girgiza kai, ya yi tsaki da ƙarfi yadda duk masu shagunan za su ji.

"Ta yi zafi," ya ce. "Lagireto ne. In muka hau hanya yanzu, a Kwanar Dangora za mu kwana. Sai ta huce, awa biyu aƙalla."

Tela ya leƙo, mai kaset ya leƙo. Wani ɗan acaɓa da ya san shi a Samaru ya rage gudu yana dariya, "Baba, yau kuma? Ashe tana yi!" Ya san kafin magariba labarin ya kai teburin mai shayi, kuma har ya mutu ba za a bar shi ya sake yabon motar nan ba. Ya ci gaba da leƙen injin.

Bisi ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta dubi injin, babu hayaƙi babu tururi. Ta kai bayan hannu kusa da shi, ta janye. Ta dube shi, shi kuma ya kafe idonsa a kan batir. Can ta waiwaya wajen rumfar, inda Keziya ta riga ta ja uwarta suna tafiya a hankali zuwa bayan shagon tela, kowace na dogara da 'yar'uwarta.

"Baba," ta ce, karo na farko tun safe, "awa biyun zai isa?"

"In kin ƙara mata rabi ba za ta ƙi ba."

Ta ninke takardar gida huɗu ta tura a jaka, ta tsuguna ta fara tsince ƙullin kukar da ya zube tana mayarwa a faifai. Baba Othniel ya bar bonet ɗin a buɗe, ya koma kan benci ya zauna tsaron daddawa.