Ƙafa Nawa, Baba?

Notin ya sake suɓucewa ya faɗa cikin tsakuwa, karo na uku ke nan. Orrin Halvorson ya ja tsaki, ya shiga lalube da hannu. Tun hantsi yake kwance a ƙarƙashin jirginsa mai ganguna biyu na alminiyam, wanda ke ɗore kan tirela a bakin tafki. Baya ya sage, gwiwa sai zogi. Duk wannan wahala a kan wani ɗan baƙin abu da bai fi sabulun wanka ba, idon na'urar auna zurfin ruwa.

"Baba, fito in ɗaura maka mana," in ji 'yarsa Marlys, tana tsugune da takardar bayani a hannu.

"Ke yaushe kika san gindin jirgi? Riƙe mini kofina dai."

"To ka duba takardar ko sau ɗaya."

"Masu rubuta ta ba su taɓa jiƙa ƙafa ba."

Bara ne ya hau duwatsu da jirgin, farfela ta kakkarye, ya yi awa uku yana ɗaga hula kafin maƙwabta su jawo shi. Marlys ta kafa sharaɗi: ko a sa na'ura, ko a sayar da jirgin. Shi kuwa shekara arba'in da ɗaya yana kamun kifi a tafkin nan, kuma tun rasuwar matarsa ba abin da ke fitar da shi daga gida sai jirgin.

Aikin kam ya iya shi, wannan ba a ƙwace masa. Ba ya huda ganga. A jikin ɗan ƙarfen da ke bayan gangar dama ya ɗaura idon, ya ɗan sauke shi ƙasa da gindinta, nesa da layin walda don kada kumfa ta rufe shi. Da yatsa ya auna, da yatsa ya daidaita, ya bi waya yana ɗaurewa har wurin sitiyari. Da ya miƙe sai da ya dafa tirela.

Bayan azahar suka tura jirgin ruwa. Marlys ta kunna na'urar, lambobin zurfin ruwa suka fito. Ta zauna gefensa, ta rungume hannu.

"Ƙafa nawa, Baba?"

"Takwas."

Ta leƙa. Takwas ne. Da suka wuce wani tsibiri ta sake tambaya, ya ce ashirin da biyu, ya kuwa dace. Har ta fara murmushi, sai ta lura ba fuskar na'urar yake kallo ba. Gaɓa yake kallo, yana ƙanƙance ido, yana neman duhun itatuwa da farin rufin coci.

Ashe da alamomin gaɓa yake cankar zurfin, idonsa ba ya ganin lambobin. Ta bari suka yi nisa, suka shiga inda ba a hango cocin.

"Yanzu fa?"

Ya sunkuya kan na'urar har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya goge tabarau da riga, ya mayar.

"Sha takwas," ya ce.

Bai rufe baki ba na'urar ta fara ƙarar gargaɗi. Marlys ta karanta a hankali: "Uku, Baba."

Ya kashe inji. Jirgin ya ɗan ja, ya tsaya. Ta leƙa ta gefe, ga kawunan duwatsun bara suna kwance ƙarƙashin ruwa. Tausayinsa ya kama ta har ta kasa haɗa ido da shi.

"Tana aiki daidai ke nan," ya ce.

"Tana yi. Ka ɗaura ta da kyau."

Ya daɗe zaune, hannu a kan sitiyari. Can ya tashi da ƙyar, ya koma kujerar gaba, inda matarsa take zama da can.

"Zo ki ja," ya ce. "Ki bi a hankali, kada ki yi saurin kai mu gaɓa."