Kashi Sha Ɗaya Cikin Ɗari

Layi ashirin da uku ne a fuskar kwamfutar, ɗaya ga kowane darasi da ake koyarwa a sashen kimiyyar ƙasa da ruwa. Sha tara kore ne, uku rawaya, ɗaya kuma ja wur. Dakta, shugabar sashen, ta rufe shafin ta sake buɗewa, ta tashi ta gyara labulen taga, ta dawo ta zauna. Jan layin yana nan inda ta bar shi: Gane Ƙasa a Fili, kashi sha ɗaya cikin ɗari.

Shekara biyu ke nan da jami'a ta sayo wannan tsari. Aikinsa ya bi shafukan intanet yana kwaso tallace-tallacen neman ma'aikata, ya tsince irin ƙwarewar da kamfanoni ke nema, sannan ya auna kowane darasi da ita. Malamai sun raɗa masa suna Alƙali, don ba ya jin magiya, bai kuma san ɗan wane ba. Dokar a fili take. Darasin da ya yi zango biyu a jere bai kai kashi talatin ba, cire shi za a yi daga manhajar karatu, shugaban sashe kuma shi zai fara sa hannu kafin majalisar jami'a ta zauna. Majalisa za ta zauna ranar Alhamis. Yau Litinin.

Abin da ya hana ta sakat shi ne ita ba maƙiyiyar Alƙali ba ce. Ita ta tsaya a taro ta kare shi lokacin da manyan malamai ke gunaguni. Da shawararsa ta shigo da darasin zana taswira da kwamfuta, kuma a bara kaɗai ɗalibanta sha ɗaya suka sami aiki tun takardar shaidarsu ba ta fito ba. Har iyaye sun zo ofis suna sa mata albarka.

Sai dai jan layin na Farfesa ne, malaminta. Shekara talatin da huɗu yana jan ɗalibai zuwa ramukan da ke bayan tsangaya, yana sa su ɗebo ƙasa su jiƙa, su murza tsakanin yatsu, su sansana, su faɗi abin da ke ƙarƙashinta kafin a kai ta ɗakin gwaji. Shi ya duba kundin digirinta na uku. Shi ya hana a kore ta daga karatu lokacin da haihuwar fari ta kwantar da ita wata biyar. Yanzu saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma wannan ne darasi ɗaya tak da ya rage a hannunsa.

Ta same shi a ɗakin gwaji yana liƙa takarda a jikin kwalaben ƙasa, gilashinsa a saman hanci. Ta gaishe shi, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, har jikokin suka ƙare ba ta kai ga abin da ya kawo ta ba. Shi ya rage mata hanya.

"Na ji Alƙalinku ya yanke mini hukunci," ya ce, bai ɗago ba. "Ki sa hannu, 'yata. Kujerar ce ke sa hannu, ba ke ba."

Ya ƙara da raha cewa in ta haɗu da Alƙalin ta duba masa ƙarƙashin farcensa, ko ya taɓa ɗaukar datti. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da faɗa ya yi mata, da ta fi samun sauƙi.

A gida ma ba ta sami wurin ajiye maganar ba. Ƙanenta, Auta, yana zaune a falo, kansa a kan waya, kamar yadda ta saba samunsa. Shekararsa huɗu da gama karatu a sashen nan nata, shekara biyu kafin zuwan Alƙali da darasin taswira. Shi ke kai yaranta makaranta, shi ke gyara famfo in ya lalace, duk wata kuma sai ya ce da zarar ya samu zai bar mata ɗakinta. Ta ba shi labarin jan layin tana tsammanin zai ji zafi, don shi ya zo na ɗaya a darasin Farfesa a shekararsu. Ya ajiye wayar.

"Yaya, takardar neman aikin da na cika ta fi ɗari biyu," ya ce a hankali. "Ba a taɓa tambayata ko na san yumɓu da rairayi ba."

Babu ɗaci a muryarsa, shi ne ma abin da ya fi ci mata rai. Ta shiga kicin ta fito ba ta ɗauko komai ba. Ta ba shuke-shuken baranda ruwa, 'yarta ta tuna mata cewa ta riga ta ba su da ta shigo.

Ranar Talata ta ɗage lacca ta tuƙa mota zuwa bayan gari, wurin wani abokin karatunta da ke da kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse. Tun suna makaranta ake ce masa Mai Rijiya, sunan kuma ya bi shi har ya zama gaskiya. Ta same shi a farfajiya tsakanin tarin bututu da wata babbar motar haƙa da aka cire wa taya, ko'ina warin man gas. Ya tare ta da tsokana, wai yau manya sun sauko ƙasa. Amma da ta faɗi sunan darasin, sai fara'ar ta ɗauke.

Ya ba ta labarin wani sabon ma'aikaci da ya ɗauka bara, daga cikin sha ɗayan nan da take alfahari da su. Yaro mai ƙwaƙwalwa, in ya zana taswira sai ka rataye a bango don kyau. Amma ranar da aka tura shi fili, injin yana tofo yumɓu mai danƙo, shi yana kallon kwamfutarsa yana cewa a ci gaba, an kusa ruwa. Aka yi kwana huɗu ana haƙa busasshen rami. Ta tuna yaron. Da ƙyar ya tsallake darasin Farfesa, don ya ɗauke shi ɓata lokaci.

Ta tambaye shi, in haka ne, me ya sa ba ya rubuta wannan a tallarsa. Ya dube ta kamar ta yi wani yare.

"Wa ke rubuta irin wannan? In kina neman direba, cewa kike yi kina son mai ido biyu?"

Ya kira sakatariyarsa, wata dattijuwa mai gilashi da igiya, don ita ke sa talla. Ta bayyana musu yadda take yi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Shafin neman ma'aikata yana kawo jerin ƙwarewa a zaɓa, ita kuma tana zaɓar abin da ta ga manyan kamfanoni sun zaɓa, don kada a raina su. Akwai wurin rubuta ƙarin bayani da hannu, amma ba ta taɓa ganin wanda ya cika shi ba.

Dakta ta roƙe shi ya rubuta wa majalisa wasiƙa. Ya ce zai rubuta, amma ita ma ta san wasiƙa ba ta canza launi. Ya juya makullin mota a yatsa, sannan ya rage murya. Ya ce su masu haƙa suna da ƙungiya, kamfani sha huɗu. In kowa ya sa talla ɗaya gobe, aka cika wurin ƙarin bayanin nan da kalmomin darasin Farfesa, Alƙali zai gani da idonsa. Ta tambaya ko suna da guraben aikin. Ya ce a wannan kasuwa? Shi ma mutum biyu yake tunanin sallama. Amma ai ba ƙarya za su yi ba, in ji shi, abin da suke bukata ne za su faɗa, aikin ne kawai babu.

"Bari in yi tunani," ta ce.

Ta san ba a'a ta ce ba. Shi ma ya sani.

Laraba ta yi mata tsawo. Sau uku tana ɗaukar waya don ta ce masa ya bari. Na farko wani ɗalibi ya ƙwanƙwasa ƙofa, na biyu aka kira ta ofishin shugaban tsangaya, kuma duka biyun ta lura da yadda ta yi saurin ajiye wayar. Na uku babu wanda ya ƙwanƙwasa. Ta dubi lambar har fuskar wayar ta yi duhu, ta jefa ta cikin jaka. Takardar cire darasin tana kan tebur. Ta sa ta a aljihun tebur, ta fito da ita, ta ɗora mata littafi. Ta leƙa ta taga ta hango Farfesa can bayan tsangaya, yana dogara sanda, ɗalibai shida na biye da shi da shebur.

Da safiyar Alhamis layin ya koma rawaya. Kashi talatin da huɗu. Alƙali yana ba sababbin tallace-tallace na kamfanonin kusa nauyi fiye da na nesa, talla sha huɗu a yini ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

A majalisa ba a yi minti biyar a kan maganar ba. Jami'in tsare-tsare ya haska layin a bango, ya ce ga hujja ga masu cewa tsarin ba ya sauraron kasuwa: kasuwa ta yi magana, tsarin ya ji, darasi ya tsira. Aka yi tafi. Wani ya juyo ya yaba mata da haƙurin da ta yi ba ta yi gaggawar sa hannu ba. Ta gyaɗa kai.

Farfesa na jiranta a baranda. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an rage masa shekara goma. Ya ce ashe duniya ba ta gama lalacewa ba, ashe akwai sauran masu hankali a kamfanoni. Ya ce zai nemi afuwar Alƙali, ya yi masa mummunan zato. Yana son a saya masa shebur biyar sababbi kafin zango mai zuwa. Ta ce za a saya.

A mota, kafin ta tayar, ta kira Mai Rijiya. Yana dariya ya ɗauka, ya ce aiki ya yi kyau ko? Bayan sati uku za su sauke tallar su rubuta an cike gurbi, shi ke nan. Abu ɗaya ne ya ba shi mamaki, in ji shi. Daga jiya zuwa yau sakatariya ta ƙirga takardu ɗari da tamanin a kamfaninsa kaɗai, har da masu kira daga garuruwa masu nisa suna tambayar ranar ganawa. Ta ce masa tana tuƙi, ta kashe wayar. Ta daɗe a zaune, hannu biyu a kan sitiyari, motar ba ta motsa ba.

La'asar ta wuce lokacin da ta isa gida. Tun daga ƙofa ta ji ƙamshin guga. Auta ya yi aski, farar rigarsa ta ganawa tana rataye a jikin ƙofar ɗakinsa, yaran na zagaye shi suna tsokanarsa wai Kawu zai zama babban mutum. Ya miƙe da ya gan ta, abin da ya daɗe bai yi da irin wannan kuzari ba. Ya ce ta ga abin mamaki? Kamfani sha huɗu, duk suna neman wanda ya iya gane ƙasa a fili, kamar shi suka zauna suka siffanta. Ya riga ya aika wa biyar. Ya kira Inna ya gaya mata, ta ce za ta dage da addu'a. Sauran taran yana so Yaya ta duba masa wasiƙar tukuna, tunda ita ta san abin da irin waɗannan mutane ke son ji.

Ya miƙo mata takardar da jan biro. Ta ajiye jaka, ta zauna a bakin kujera, ta karanta daga sama har ƙasa. Ya rubuta sunan Farfesa a sakin layi na biyu, da makin da ya ci, da ramuka goma sha bakwai da ya haƙa da hannunsa. Ta sake karantawa, bakin biron yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa takardar ba.

"Akwai gyara, Yaya?"

"Babu," ta ce. "Ko ɗaya babu."

Ta rufe biron. Ta ce wa yaran su shiga ciki su ja ƙofa. Sannan ta matsa gefe, ta nuna masa wuri kusa da ita.

"Zo ka zauna, Auta."

Ya zauna yana murmushi, yana jira.