Garwashi a Ɗakin Jego

Ngo Kachollom ba yawon buɗe ido ya kawo ta Landan ba. Jego ta zo yi wa 'yarta Jemima, wadda ta samu ɗan fari bayan ta sha jira. Sai ga abin takaici: boilar da ke ɗumama gidansu na unguwar Barking ta mutu, mai gidan haya kullum sai "gobe", ɗumin gidan kaf ya dogara ga wani murhun ƙarfe da ke falo. Falo zafi har da gumi, ɗakin sama kuwa kamar cikin randa. Can maijego take kwana da jaririn, ga shi da mura, kuka ba dare ba rana.

Surukinta Katung ya nuna mata aikin murhun. Busasshen itace kawai za a sa, toka kuma a kwashe a bokitin ƙarfe a fitar waje. Ita dai kallonsa take. Yaro man kaza! Shi zai koya wa wadda ta tsufa a sanyin Vom sha'anin wuta? Kuma a zubar da jan garwashi a waje, jikanta na rawar ɗari a sama? Abin ya tsaya mata a rai.

Ran nan da hantsi, bayan Katung ya tafi aiki, ta kwashi garwashi a tsohuwar tukunya, ta barbaɗa masa toka don ya daɗe, ta kai gefen gadon. Haka uwarta ta yi mata, haka ta yi wa 'ya'yanta duka. Sai dai ɗakunan can gida iska na shiga ta ko'ina, tagogin nan kuwa ba sa barin ko numfashi ya fita.

"Mama, Allah ya saka," in ji Jemima, tana gyara wa yaron bargo.

Ngo ta ja ƙofa, ta toshe ƙasanta da zane don kada ɗumi ya tsere. Kuka ya tsaya. Ta sauka tana waƙar coci, daɗi ya cika ta.

Da yamma Katung ya shigo, ta tare shi da murmushi.

"Kada ka hau, ɗana. Tun safe suke barci, ko motsi babu. Na kai musu garwashi."

Jakarsa ta faɗi. "Yesu!" Ya haye sama da gudu.

Aka fito da su biyun, motar asibiti ta kwashe su. Likitoci suka ce gubar iskar garwashin ce suka shaƙa, suka yi iya yinsu, uwar kaɗai suka samu.

Washegari Jemima ta buɗe ido, ta ga uwarta zaune a bakin gado, ta tsufa a kwana ɗaya. Ta laluba gefenta.

"Mama, miƙo min shi. Nono ya cika, tun jiya bai sha ba."