Hatimin Malam Ogaki

Fumie ta sauka daga jirgin ƙasa ta nufi asibitin ido, jakarta matse a ƙirji. Ambulan biyu ne a ciki, kowanne da shafi ashirin, duk zanen hannunta.

Shekara ashirin da shida tana aiki a ƙarƙashin Malam Ogaki, mai labarin zanen nan na Matahei, ninjan da ya rantse zai mutu a ƙofar ubangidansa ko da duk hakimai sun juya masa baya. Tun da idon Malam ya fara mutuwa, shi ke faɗa, ita ke zanawa, sunansa ke fita a mujalla.

Makon jiya Tsuruta, editan mujallar, ya tare ta a shagon taliya.

"Yaya Fumie, mu daina ɓoye-ɓoye. Masu karatu sun gaji. Manya sun ce ko Matahei ya sayar da ubangidansa a wannan fitowar, ko a rufe labarin."

"To ka je ka faɗa wa Malam."

"Ni? In sha sanda? Tsohon da ko hancinsa ba ya gani! Ki zana, ya buga hatimi, shi ke nan. Ku huɗu ne fa ke ci a ɗakin zanen nan."

Ta zana wanda Tsuruta ke so. Ta kuma zana wanda Malam ya faɗa mata, inda Matahei ya ƙi buɗe wa maƙiya ƙofa.

A asibitin ta sami Malam zaune a bakin gado, ido ɗaya a liƙe da auduga, yana faɗa da ma'aikaciyar jinya a kan miyar safe.

"Fumie ce? Na ji takunki. Kin ga wai wannan ruwan wanke kwano ne miya." Ya jira matar ta fita, sannan ya rage murya. "Ɗana ya zo tare da Tsuruta shekaranjiya. Suna ta yi mini daɗin baki. Akwai abin da suke ƙullawa. Ke kaɗai na yarda da ke. Karanta mini."

Ta ciro ambulan ɗin labarin da ya faɗa mata ta karanta, shafi bayan shafi. Da ta kai inda Matahei ya durƙusa cikin ruwan sama, kibiya a kafaɗarsa, tsohon ya ɗaga hannu.

"Kin sa masa hawaye?"

"A'a, Malam."

"Madalla. Ba ya kuka." Ya lalubo hatiminsa a ƙarƙashin matashi, ya hura masa iska. "Kawo."

Fumie ta dubi takardun da ke cinyarta. Ta tuna abokiyar aikinta Noriko mai zana gidaje da itatuwa, wadda mijinta ke kwance tun bazara. A hankali ta mayar da su jaka, ta zaro ɗaya ambulan ɗin, ta ɗora shafin farko a kan tiren abinci, ta kama hannunsa ta kai shi kusurwar takardar.

Ya danna da ƙarfi, har tiren ya yi ƙara.

"Hannunki ya yi sanyi," in ji shi. "Ba ki karya ba ko? Ɗauki lemon nan ki ci a hanya."

Ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuya ta yi godiya.