Lallen Bobbo

Shekara ashirin da shida Bobbo yana noman lambun nan na bakin Binuwai, amma ko taku ɗaya na ƙasar ba nasa ba ne. Aro Alhaji Dauda ya ba shi. Ƙa'idar filin aro kuwa kowa a Garwa ya san ta: ba a dasa mangwaro, ba a dasa gwaiba, don itace in ya kafu sai ya zama shaidar mallaka. Saboda haka Bobbo ya tsaya ga abin da za a iya cirewa: ayaba, na'ana'a, ciyawar shayi da mutanen gari ke cewa sitronel, sai gindin lalle ɗaya a jikin shinge.

Ya rasu shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Alhaji Dauda ya yi kara, ya jira matar, Hindu, ta fita takaba, sannan ya aiko cewa ɗansa da aka sallama daga aiki zai karɓi filin. Ta kwashe abin da take so kafin Juma'a biyu.

Hindu ba ta da mataimaki. Ɗanta yana Duwala, 'yarta tana aure a Mubi, gidan nasu na unguwar Yelwa daga ita sai kaji. Ba ayaba take kwaɗayi ba. So take ta buɗe ƙofa da safe ta ga wani abu mai rai da hannun mijinta ya dasa.

To, ga inda aka samu matsala. Hindu mace ce mai tsoron haƙƙi har ya yi yawa. Irin matan nan ce da in allurar maƙwabciya ta kwana a ɗakinsu ba sa samun sukuni. A ganinta shukar ta Bobbo ce, ƙasar kuwa ta Alhaji ce. Duk abin da ta tono sai ta kakkaɓe saiwarsa, ta ɗauraye a kogi fes, kamar za ta sa a tukunya. Ta dasa a tsakar gida cikin ƙasa mai tsakuwa, ta bi da ruwa safe da yamma. Na'ana'a ta fara baƙi. Sitronel ta zama ciyawar jinka. Ayaba ta yi kwana shida tsaye, sannan ta ruɓe daga ciki. Hindu ta yi kuka, kukan da ko ranar jana'iza ba ta yi irinsa ba, don wannan karon laifinta ne kuma ba ta san mene ne laifin ba.

Ranar da ta koma don lallen, Célestin, mutumin Kaélé mai lambun da ke jikin nasu, wanda ya riƙa ba shukokin ruwa duk tsawon takabarta, ya tarar da ita tana shirin tono shi ta kakkaɓe saiwa. Ya riƙe ƙotar fartanyarta. Ta gaya masa dalilinta.

"Dada," ya ce, "saiwa ba ta tafiya tsirara. In ba za ki ɗauka da ƙasarta ba, bar shi a nan ya mutu a gida."

Ba ta ɗauka ba sai da ta je ta nemi izini. Ta tsuguna a zauren Alhaji Dauda ta roƙi ƙasa cikin daro ɗaya. Ya yi dariya har da tari, ya ce ta ɗebi goma. Dariyar ta yi mata ciwo, amma ta yi godiya.

Célestin ya zagaye gindin da dagi, ya ciro shi da curin ƙasarsa, ya ɗaure da buhu. Sannan ya sare rassan duka, ya bar guntu kamar taɓarya. Hindu ta kau da kai. Ya ce haka ake yi, ta sa shi a inuwa, kada ta shaƙe shi da ruwa, kada ta tona don ta duba. Ta ɗora daron a ka, ta ƙi hawa babur don kada curin ya fashe.

Kwana goma sha tara guntun nan bai nuna komai ba. Da hantsin na ashirin ta sunkuya da buta, sai ga 'yan tofo uku, jajaye-jajaye, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta miƙe ta dubi tsakar gidan. Kaji ne kawai.

Ta yafa mayafi ta kama hanyar kogi a ƙafa, tana ta shirya yadda za ta faɗa wa Célestin. Ta tarar an riga an bi lambun Bobbo da garmar shanu, shingen ma babu. A na Célestin wata mata da ba ta sani ba ce ke ban ruwa. Ta ce ya tafi Kaélé tsinkar auduga, sai bayan wata biyu. Ta tambaya ko akwai saƙo.

"Ki ce masa ya yi tofo," in ji Hindu.

"Me ya yi tofo?"

Hindu ta buɗe baki, sai ta ga labarin ya yi tsawo da yawa ga wanda bai san Bobbo ba. Ta ce babu komai, ta juya gida.